ABIN DA MUKA GANO A TARON MAƘERAN WUƘA NA AMURKA

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Sabo, Ibadan

 



Shugaba ya nemi mu ba da labarin tafiyar da muka yi ƙasar Amurka a watan Afrilu na shekarar 2024, mu biyu da abokin cinikinmu, wajen yaronmu da ke aiki a birnin Atlanta ta jihar Jojiya. To, labarin dogayen benaye da manyan tituna kun sha jin sa, wasunku ma kullum suna gani a waya. Mu abin da ya shafi tukunyarmu shi muka zo da shi. Kun san shekara talatin da ɗoriya ke nan muna sayar da wuƙaƙe da adduna da almakasai a Ogunpa, kuma in aka duba zauren nan da wuya a sami wanda ba da kaifi yake cin abinci ba: ga mahauta, ga masu tsire, ga wanzamai da masu yankan farce, ga masu rake da masu lemo, ga dukawa.

Wani abokin aikin yaron namu, ma'aikacin asibiti ne, shi ya gayyace mu. Mutumin nan daga Litinin zuwa Juma'a yana duba marasa lafiya, ran Asabar kuma sai ya shiga garejin gidansa ya hura wuta yana ƙera wuƙa, ba don ya rasa abinci ba, sha'awa ce kawai. Da ya ji sana'armu sai ya ce lalle mu bi shi wani taro da suke yi a gonar wani tsohon maƙeri, tafiyar kamar awa biyu daga Atlanta. Suna kiran irin wannan taro hama-in, wato taron guduma. Ana farawa Juma'a da yamma, a tashi Lahadi bayan azahar. Wasu su kama ɗaki a otel, wasu su kafa tanti a cikin gonar.

Mun tarar da mutane sun haura ɗari. Jama'a, maƙeran gaske waɗanda da ƙira suke ci ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran akwai direban babbar mota, da malamin makaranta, da tsofaffin sojoji, da lauya, da mata, da yara 'yan shekara goma sha biyar tare da iyayensu. Kowa ya biya kuɗin shiga an ba shi takardar tsarin aiki: ƙarfe kaza wane zai nuna yadda ake bugun tsini, ƙarfe kaza wane zai nuna ba wa wuƙa ruwa, ƙarfe kaza saka ƙota, ƙarfe kaza ɗinkin kube. Kayan aikinsu kuwa ba baƙi ba ne a wurinmu. Ga uwar maƙera, ga masaba, ga awartaki, ga magagari. Abin da ya bambanta shi ne yawancinsu murhun gas suke amfani da shi a madadin zugazugi da gawayin ƙirya, sai kuma injin wasa mai bel, da babbar guduma mai aiki da lantarki wadda duka ɗaya take yin aikin ƙarti uku.

Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne babu ɓoyo. Maƙeri yana aiki yana bayani, mutane na rubutawa a littafi, wasu na ɗauka da waya. Wani ya ɗaga hannu ya ce, “Me ya sa ka yi haka?” sai ya ajiye masaba ya amsa masa. A gida kun san yadda abin yake. Ƙira gado ce, kuma tana da asirinta, ɗan da ba na gidan ba sai dai ya yi zuga ya koma gefe. Muka sa yaronmu ya tambayi mai gonar ko ba ya tsoron wanda ya koya wa ya ƙwace masa kasuwa. Tsohon ya yi dariya, ya ba mu tarihi.

Ya ce a farkon shekarun 1970 masu ƙera wuƙa da wuta da guduma a duk faɗin Amurka 'yan ƙalilan suka rage, domin kamfanoni sun cika kasuwa, sana'ar ta kama hanyar kabari. Sai wani maƙeri na jihar Merilan mai suna Bill Moran ya fito da wuƙaƙen ƙarfen Dimashƙa a wani baje koli a shekarar 1973, mutane suka yi ta mamaki, kuma maimakon ya rufe bakinsa sai ya riƙa gaya wa duk mai tambaya yadda ya yi. A shekarar 1976 shi da abokansa uku suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da ABS. A 1988 suka buɗe makarantar koyon ƙira a wani ɗan ƙauye mai suna Washintan a jihar Akanso, ba Washintan ta shugaban ƙasa ba. Moran ya rasu a 2006. Daga baya, tun daga 2015, wata tashar talabijin ta fara nuna gasar maƙera mai suna Forged in Fire, inda wanda ya ci yake tafiya da dala 10,000, sai matasa suka yi caa a kan sana'ar. Tsohon ya ce da Moran ya riƙe abin da ya sani, da tare aka binne su, kuma da shi kansa bai sami mai sayen wuƙarsa ba, domin wanda ya taɓa ƙona hannu yana gwadawa shi ne ya san darajar aikin gwani.

Wannan ƙungiya tasu tana da jarrabawa, kuma an yi wa mutum ɗaya a gabanmu ran Asabar da hantsi. Sarkin Fawa, a saurara da kyau. Mutum ba ya shiga sai ya yi shekara uku a ƙungiyar, ko biyu in ya yi kwas a makarantarsu. Zai zo da wuƙar da ya ƙera da hannunsa, tsawon ruwanta bai wuce inci 10 ba. A rataye igiya mai kaurin inci ɗaya tana reto, ya tsinke ta da sara ɗaya tak. Sannan a ba shi katako irin tubaifo na rufin ɗaki, ya sassare shi gida biyu har sau biyu. Sannan, ba tare da ya kai ta bakin dutse ba, ya aske gashin hannunsa da ita, alƙali kuma ya bi kaifin da farce ya ga ko ya ɓantare ko ya lanƙwashe. Na ƙarshe shi ne mai tayar da hankali. A ɗaure tsinin wuƙar a bais, a zura ƙotar a cikin bututun ƙarfe, mai ita ya yi ta lanƙwasa ta har ta yi kwana sosai, digiri 90. In ta karye gida biyu ya faɗi. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan tsuntsaye. Da alƙali ya ce ya isa, sai tafi ya ɓarke, mutumin nan ƙato da shi yana share hawaye. Wuƙar kam ta gama aiki, ba za ta sake yanka komai ba. Kuma wannan rabin jarrabawa ne, sai ya kai wasu wuƙaƙe biyar gaban alƙalai a babban baje kolin da ake yi a Atlanta duk watan Yuni, su duba kyan aiki, kafin a ba shi izinin buga haruffan JS a jikin wuƙarsa. Bayan shekara biyu kuma ya nemi matsayin gwani, mai haruffan MS, inda za a maimaita duk wannan da wuƙar ƙarfen Dimashƙa mai ninki aƙalla 300. A shekarar 2000 wata mace, Audra Draper, ta zama mace ta farko da ta kai wannan matsayi.

Shi ƙarfen Dimashƙan nan mun ga yadda ake yin sa. Ana jera ƙarafa iri biyu, ɗaya mai sinadarin nikel ɗaya maras shi, kamar falle goma, a gasa su har su yi fari-fari, a barbaɗa wani farin gari mai suna boras, a buge su su haɗe. A miƙar, a naɗe, a sake bugewa. Goma ta zama ashirin, ashirin ta zama arba'in, naɗi biyar ya kai ka 320. In an gama wuƙar aka tsoma ta a ruwan asid sai zane ya fito kamar igiyar ruwa. Su da kansu sun ce wannan ba shi ne ainihin ƙarfen takubban da Musulmi suka yi suna da su ba. Wancan daga Indiya ake kawo shi a dunƙule, an narkar da shi a 'yar tukunya, kuma malami Alkindi na Bagadaza ya yi rubutu a kan ire-iren takubba tun ƙarni na 9 na Miladiyya. Da muka ji Bature a ƙauyen Jojiya yana kiran sunan Alkindi, sai muka dubi juna. Amma gaskiya mu wannan ado ne a wurinmu. Mahauci ba zane yake nema ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Mun tafi da wuƙaƙen fawa guda uku na maƙeranmu na nan, da kubensu na jar fata, a cikin babban akwati, domin tsaraba. Da muka fito da su mutane suka kewaye mu. Kuben ya burge su ƙwarai, wata mata mai ɗinkin fata ta daɗe tana juya shi tana duba yadda aka yi saƙar bakinsa. Da muka gaya masu maƙerin a zaune yake aiki a ƙasa, da gawayi da yaro mai zuga, kuma a wuni yana fitar da fiye da goma, sai suka jinjina kai, domin wasunsu wata guda suke yi a kan wuƙa ɗaya. Mai gonar ya nemi izini ya gwada guda. Ya ɗan goga gindinta a injin wasa, ya dubi tartsatsin, ya ce ƙarfen mai kyau ne, sifirin ɗin mota ne, irin wanda su ma suke so. Sannan ya ɗauki magagari ya bi kaifin tun daga tsini har gindi. A wajen tsini magagarin ya riƙa zamewa kamar a kan gilashi. A tsakiya ya fara kamawa. Kusa da ƙota kuwa ya ci ƙarfen kamar ana gogar ƙusa. Ya ce bugun ba shi da laifi, hannun gwani ne, matsalar a wajen ba da ruwa take: tsini ya yi tauri har ya wuce kima, shi ya sa yake ɓantarewa in ya haɗu da ƙashi, gindi kuma bai sami wuta sosai ba, shi ya sa yake dakushewa nan da nan. Mahauta, ashe ba wannan ne kukanku kullum ba?

Ran Lahadi da safe ya cire ƙotar ya sake mata aiki muna kallo, kuma mun sa an rubuta mana komai. Da farko ya gasa ta ta yi ja, ya bar ta ta huce a iska, har sau uku, wai wannan yana gyara cikin ƙarfen da duka da zafi suka wahalar. Sannan ya sake gasa ta a inuwa, domin a cikin rana ido ba ya gane launin wuta, yana kai ta yana komo da ita don zafin ya game ko'ina. Ga dabarar da ta fi burge mu: yana da mayen ƙarfe a ɗaure jikin sanda, yana taɓa wuƙar da shi. Ƙarfe in ya kai zafin digiri 770 a ma'aunin salsiyos, mayen ƙarfe ya daina kama shi. Da ya ga ya daina kamawa tun daga tsini har gindi, sai ya ƙara mata wuta kaɗan, ya tsoma ta a tsaye cikin man girki mai ɗumi. Ya ce sifirin ba ya son ruwa, ruwa yana tsaga shi, kuma man gyaɗa ma yana yi. Baƙin man mota da wasu ke amfani da shi ya ce a guje shi, hayaƙinsa yana cutar da ƙirji.

A nan wuƙa ta yi tauri, amma in ta faɗi a siminti tana iya fashewa kamar tangaran. Sai mataki na ƙarshe, wanda a ganinmu shi ne aka fi tsallakewa a nan gida. Ya sa ta a ƙaramin obin na gasa burodi, zafin digiri 200, awa biyu, ya fitar ta huce, ya sake mayarwa awa biyu. Wannan yana rage taurin kaɗan ya ba ta juriya. Muka ce maƙeranmu ba su da obin, wutar lantarkin ma kun san halinta. Ya ce kakanninsa ma ba su da shi. A goge wuƙar ta yi haske, a ɗora bayanta a kan jan ƙarfe mai zafi, a zuba ido. Launi zai taso daga baya yana gangarowa wajen kaifi. In kaifin ya yi launin busasshen kara ko na zuma, a ɗauke a sanyaya. In aka bari kaifin ya yi shuɗi, an wuce wuri, ya yi laushi. Ya kuma ja kunne a kan abu biyu: tsohon sifirin yana iya zuwa da tsaga a ɓoye, sai an goge an duba, kuma rodin gini ba ƙarfen wuƙa ba ne, ko an ba shi ruwa sau goma ba zai riƙe kaifi ba.

Ku duba fa, jama'a. A duk abin da muka lissafa babu injin miliyan. Mayen ƙarfe yana cikin kowace tsohuwar lasifikar rediyo. Man gyaɗa namu ne. Sifirin yana nan jibge a kasuwar kayan mota ta Get. Abin da ya rage shi ne lokaci, lokaci kuwa sai mai saye ya biya shi. Muddin mahauci zai tsaya yana taya wuƙar maƙeri da kuɗin wuƙar gwangwani ta kanti, wadda kwana uku ta zama cokali, to maƙeri ba zai ɓata rabin wuni yana jiran launin zuma ba. Araha ba ta ado.

Ba duk abin da muka gani ne muka yaba ba. Akwai wuƙaƙen dubban daloli da aka ce masu sayensu a akwatin gilashi suke ajiye su, har abada ba za su yanka ko albasa ba. Wannan a wurinmu almubazzaranci ne. Akwai kuma wata al'ada ta tara kuɗi, kowa ya kawo kyautar kaya, a sayi tikiti a jefa a gwangwani, wanda aka zaro lambarsa ya ɗauka. Mun dube ta mun ga 'yar'uwar caca ce, muka koma gefe. Gwanjon da suka yi da dare kuwa halal ne, mun saya magagari biyu. Abinci yawanci naman alade ne, mu da burodi da ƙwai da dabinon da muka riƙo muka yi kwana biyu. Amma a faɗi gaskiya, da lokacin salla ya yi mai gonar da kansa ya share mana wuri a rumfar katakonsa, ya hana yara wucewa ta gabanmu.

Malamai suna nan, sun fi mu sani, amma tun muna Islamiyya aka karantar da mu hadisin Shaddadu ɗan Ausi, wanda ke cikin Muslim da Arba'una, inda aka umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabba. Duk Babbar Salla sai mun ga magidanci ya danne rago yana gurzar wuyansa da wuƙar da aka sayo jiya a bakin titi. Wannan ba maganar ciniki kaɗai ba ce. Sannan ku ƙirga maƙeran da suka rage mana tsakanin nan da Shasha, ku ƙirga nawa ne a cikinsu ke da yaro a gaban wuta. 'Ya'yansu suna kan acaba. Mutanen da kakanninsu suka narka tama a gindin Dala tun kafin a gina ganuwar Kano, yau jikokinsu na jiran kwantena daga Sin.

Abin da muke roƙon ƙungiya shi ne a ba mu Asabar ɗaya, kamar mako uku kafin Babbar Salla. A tara maƙeranmu da mahauta da dukawa a fili ɗaya. Kowane maƙeri ya zo da wuƙa biyu, a rataye igiya, a kawo katako, a kawo ƙashin sa, Sarkin Fawa da dattawa biyu su yi alƙalanci. Ba mu ce a lanƙwasa wuƙar kowa ba, talaka ba ya wasa da jarinsa. Wanda wuƙarsa ta ci, a yi masa hatimin ƙarfe mai alamarsa ya riƙa bugawa a jikin aikinsa, mai saye ya san hannun da ya yi, in ta yi kyau ya dawo, in ta ɓaci ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mu a rumfarmu mun ɗauki alkawarin ware wa masu hatimi wuri daban da farashi daban. Ba kuma muna cewa dattawan maƙera su tona abin da suka gada na tsari da addu'a ba, wannan nasu ne. Aikin hannu muke so yara su gani, ko ɗan maƙeri ko ɗan mai goro.

Akwai wani hanzari. Mu baƙi ne a garin nan ko da an haife mu a cikinsa, kuma tun rikicin Shasha na Fabrairun 2021 kun san irin kallon da ake yi wa Bahaushe in an gan shi da kube. In aka ji Hausawa sun taru da wuƙaƙe ɗari, kafin la'asar labari ya canza kama a waya. Don haka kafin a hura wuta sai Sarki ya sani, a rubuta wa 'yan sanda takarda, a gaya wa shugabannin unguwannin maƙwabta, a gayyace su su zauna a gaba. Har ila yau muna ba da shawarar a aika wa maƙeran Yarabawa na Agbede Adodo goron gayyata, su zo da nasu aikin a gwada tare, su ma kukanmu ɗaya da su. Wuƙa kuma ba ta fita daga filin sai a cikin kube, a naɗe a takarda, kuma ba a sayar wa yaro.

Wuƙar da aka sake wa ruwa a Jojiya ga ta nan, ga kuma 'yar'uwarta da ba a taɓa ba, hannu ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Sarkin Fawa, muna miƙa maka su. A ba wa mahauci ɗaya ya yi aiki da su mako biyu, ya riƙa ƙirga sau nawa yake kai kowace bakin dutse, ya zo taro mai zuwa ya faɗa da bakinsa. Takardar matakan da muka rubuto kuma tana hannun sakatare, duk maƙerin da ke so ya karɓi kwafi, wanda ba ya karatun boko za a juya masa da ajami.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu.